Borrow ko lend? Tambaya ga masu jin Turanci, daga ƙasar Maigatari

Ɗan Riɗi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda Allah ya hore wa Turanci, kuma ina roƙon a yi mini bayani da Hausa dalla-dalla, don in aka amsa mini da Turancin, an koma gidan jiya.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maigatari, jihar Jigawa. Kawuna yana sayen riɗi da zoɓo a hannun manoma in kaka ta yi, mu tara, mu kai kasuwar Dawanau a Kano. Ni nake riƙe masa littafi da waya, saboda duk gidan ni ne na gama sakandare. Masu sayen kayanmu ba duka ne ke jin Hausa ba. Akwai Yarbawa, akwai Ibo, akwai kuma wani Ba'indiye da yake turo mana saƙo ta WhatsApp da Turanci zalla. Ban da wannan, ina shirin zama jarrabawar NECO ta 'yan waje, wadda ake yi a ƙarshen shekara, domin kiredit a Ingilishi nake nema in samu shiga Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kun ga ke nan Turancin ya tare ni ta gaba da ta baya.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Ƙanwata tana aji biyu a ƙaramar sakandare. An ba su aikin gida, ta rubuta "Please borrow me your pen", sai malamarsu ta ja jan biro a ƙarƙashin borrow, ta rubuta lend a samanta. Yarinya ta kawo mini littafin tana neman dalili. Ni kuwa tun tasowata haka nake jin kowa yana faɗa. Ranar Alhamis ɗin nan ma a kasuwar Maigatari, wani mai sayen kaya daga Legas, mutum mai digiri, ya ce wa kawuna "Alhaji, borrow me your scale", aka miƙa masa sikeli, ba wanda ya ga aibun maganar. To wane ne mai gaskiya, malama ko mutumin Legas? In lend ce daidai, ita borrow ɗin yaushe ake faɗinta?

Na biyu, ina son a raba mini sorry da excuse me da pardon. Ni duk ina jin su kamar ban haƙuri ne, amma na lura ba a ko'ina ake sa kowacce ba.

Na uku, well done. Mu nan in ka tarar da mutum yana aiki, kuma ba ya jin Hausa, ita muke ce masa a madadin sannu da aiki. Wani abokina ya ce Turawa ba haka suke amfani da ita ba. Gaskiya ne?

Allah ya ba da ladan amsawa.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya sa a ci jarrabawa. Na koyar da Ingilishi a ƙasar Gumel da Hadeja har na yi ritaya, kuma babu ajin da ban yi fama da borrow da lend ba.

Malamar ƙanwarka ta yi daidai. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: kafin a buɗe baki, kayan nan a hannun wa yake? Mai kaya shi ne yake lend, wato shi ke bayarwa. Wanda ba shi da shi ya zo karɓa, shi ne yake borrow. Saboda haka in kana son biron abokinka, hanya biyu gare ka. Ko ka sa shi a gaba ka ce "Please lend me your pen", ko ka sa kanka a gaba ka ce "Can I borrow your pen?" Buƙatar ɗaya ce, mai aikatawa ne ya sauya. Ita kuwa "borrow me" daidai take da ka ce wa mutum "are ni", ka ga ka mai da kanka kayan aron ke nan.

Kada kuma ka ɗauka Hausa ba ta san wannan bambanci ba. Saurari bakinka da kyau. "Na ara masa garma" dabam, "na ari garmarsa" dabam. Ba Bahaushen da zai rikita su, ko yaro ne. Abin da ya faru shi ne mu tushen kalmar ɗaya ne, ƙarshenta da ɗan "masa" ko "mini" ne suke nuna inda kayan ya nufa. Shi Turanci kalmomi biyu ya ware, ko kama ba su yi. Sai ɗalibi ya kama ɗaya, ya ɗora mata aikin duka biyun. Irin wannan ne yake faruwa da "na koya masa" da "na koyi". Na farko teach ne, na biyu learn, shi ya sa za ka ji yaro ya ce "learn me English" alhali "teach me" yake nufi.

Akwai kuma inda mu ne muka fi su rarrabewa, kuma kai ɗan kasuwa ka fi kowa sani. Aro dabam, rance dabam. Aro, abin da ka karɓa shi ɗin za ka mayar: jaki, garma, tabarmar biki, sikelin kawunka. Rance kuwa, ka karɓi gero tiya biyu da bazara, ku tuƙa ku ci, in kaka ta yi ka mayar da wani geron. Kuɗi ma rantarsu ake yi. To Bature bai raba waɗannan ba, duka lend da borrow ne. "He lent me his donkey", "He lent me some money". Ka lura da lent ɗin nan, haka lend take komawa in abin ya riga ya wuce, babu wata kalma lended. Borrow tana tafiya da from, lend tana tafiya da to: "I borrowed it from my uncle", "I lent it to my friend". In kuwa biya za ka yi kafin a ba ka, kamar motar da kuke ɗauka zuwa Dawanau, an bar maganar aro, an shiga haya, sai ka ce hire ko rent.

Sai tambayarka ta biyu. Excuse me kafin abu ya faru ake faɗinta, sorry kuwa bayan ya faru. Ɗan dako ya ɗauko buhu yana ratsa mutane yana "gafara dai, gafara dai", wannan excuse me ce. Haka in za ka katse wa manya magana, ko za ka tsayar da baƙo ka tambaye shi hanya. In kuwa buhun ya riga ya bugi kafaɗar wani, sai sorry. Pardon an fi sa ta a inda ba ka ji abin da aka ce ba, kana son a maimaita, kamar yadda muke cewa "na'am?" Mutanen Ingila sau da yawa "Sorry?" kawai suke cewa a nan, da muryar tambaya.

Amma ga inda take kama mu. Mun ɗauki sorry mun ba ta aikin sannu. Mutum ya yi tuntuɓe, ko tari ya sarƙe shi, sai mu ce sorry. Ɗan Najeriya zai gane, har ya ji daɗi. Bature kuwa yana iya ce maka "It's not your fault", wato ai ba laifinka ba ne, domin shi a kunnensa kamar kana ɗaukar laifin ne. Abin da shi zai ce wa mai tuntuɓe shi ne "Are you all right?" Sai dai a jaje da ta'aziyya, nan kam suna cewa "I'm sorry to hear that".

Well done kuma abokinka ya faɗi gaskiya. A wurinsu yabo ce bayan an gama abu kuma ya yi kyau, kamar ka ce madalla, ka yi ƙoƙari. Ba su da gaisuwar mai aiki irin tamu, good morning ko good afternoon kawai za su ce su wuce. Ni dai har gobe in na tarar da ɗan kudu yana gini ko yana gyaran mota, well done nake ce masa, don ba zan iya wuce mutum yana zufa ban gaishe shi ba, kuma shi ma haka ya san ta. Amma ban yarda ka rubuta ta da wannan ma'ana a takardar jarrabawa ba.

Mutumin Legas kuwa, Turancin bakin 'yan Najeriya ya yi, ya kuma biya masa buƙata. Mai duba takardarka ba da shi yake aiki ba.

Maman Biyu:

Malam ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ƙanena, bari in ƙara maka ɗaya da ba ka tambaya ba, don ni a wurina ta fi duka waɗannan haɗari.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gaya, jihar Kano. Lokaci-lokaci akan turo mana likitan da ba ya jin Hausa, sai mu tsaya tsakaninsa da marasa lafiya muna tafinta. Abin da nake fara koya wa duk sabuwar yarinyar da aka kawo mana shi ne yes da no in tambaya ta zo da korewa.

Ga misali. Likita ya ce "She didn't take the medicine?" Sai a juya wa mara lafiya: "Ba ki sha maganin ba?" Ita kuma ta ce "E." To e ɗin nan tata me take nufi? Tana nufin haka ne, ban sha ba. Maganar mai tambaya ta gaskata. In mai tafinta ta juya ta ce wa likita "Yes", shi abin da zai fahimta shi ne ta sha. Sai ya ɗauka maganin ne bai yi aiki ba, ya sauya mata wani ko ya ƙara ƙarfinsa, alhali ƙwayoyin suna nan ƙulle a bakin zane ba a taɓa ba. A Turanci amsar tana bin abin da ya faru ne, ba ta bin bakin mai tambaya. In ba a sha ba, no ce, ko ta wace fuska aka yi tambayar. Shi ya sa nake ce musu kada su taɓa tsayawa a kalma ɗaya, su cika ta: "No, she didn't" ko "Yes, she did." In ka cika, ko ka rikita farkon, ƙarshen zai fitar da kai.

Kai ma za ta same ka a ciniki. Ba'indiyenka ya rubuto "You haven't loaded the truck?" ka ce yes kana nufin ba ku yi lodi ba, sai ya zauna jiran mota a Kano.

Ƙanwarta ita ce "Do you mind". In aka ce maka "Do you mind if I sit here?", ana tambayarka ne ko zai dame ka. In ka yarda mutum ya zauna, "No, not at all" za ka ce, ko "Go ahead". In ka ce yes, ka hana shi ke nan.

Kuma ka lura likitan take ya ce, bai ce drink ba. Mu komai sha ne, ruwa, magani, rake, mangwaro, har iska da wahala. Su magani take suke yi masa.

Direban Gujungu:

Allah gafarta Malam, ban ƙi taka ba, kuma na ƙaru. Amma ina son yaron nan ya ji ta bakin mu 'yan hanya ma.

Ni daga kasuwar Gujungu nake ɗaukar kaya ranar Lahadi, in yi kudu da su. Ban yi boko mai zurfi ba. Da buroka nake ciniki tun daga Lakwaja har Fatakwal, kuma ba a taɓa kasa gane ni ba. A tasha in fasinja ya ce "I go drop here", kowa ya san sauka zai yi. In ka tsaya kana zuba Turancin littafi a gaban mai sayen kaya a Onica, wallahi wani sai ya ga kamar girman kai kake yi masa, cinikin ma ya yi tsami. Mutum yana sakin jiki ne da wanda ya yi magana irin tasa.

Saboda haka, ɗan'uwa, shawarata kada ka je kasuwar Alhamis ka ce za ka gyara wa mutumin Legas borrow ɗinsa. Abokin cinikin kawunka ne, kuma ya girme ka. Ka miƙa masa sikeli kawai. Ka koyi na Malam don jarrabawa da Ba'indiye, ka riƙe na kasuwa don kasuwa. Ni abin da na sani ke nan.

Malam, ni ma ga tawa: next tomorrow da muke cewa jibi, ita ma kuskure ce?

Ɗalibar Dutse:

Baba direba, bari in ɗan taya Malam. Ina karanta Ingilishi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuma mun tattauna wannan a aji. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, kuma next tomorrow tana ciki, tare da okada da danfo da Kannywood. To ka ga ba za a ce mata shirme ba. Sai dai an shigar da ita ne a matsayin maganar 'yan Najeriya. Mutumin Landan ko na Indiya ba lallai ya san ta ba, shi "the day after tomorrow" ya sani. Mu da muke da jibi da gata da citta, dole tsawon wannan ya dame mu, ina ga shi ya sa aka gajarce ta. Ita "borrow me" ba ta cikin waɗancan 29 ɗin.

Ɗan Riɗi:

Kai, alhamdu lillahi. Baba Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar "na ara masa" da "na ari nasa" ita ta buɗe mini kai, don yanzu kafin in rubuta sai in faɗa da Hausa tukuna, in ji ko akwai "masa" a ciki. Anti Maman Biyu, taki ta tsorata ni, saboda irin tambayar nan Ba'indiyen yake yawan yi, kuma harkar kuɗin mutane ce a hannuna. Yaya direba, na ji, ba zan gyara wa kowa magana a kasuwa ba. 'Yar'uwa ta Dutse, na gode.

Baba Malam, in ban takura maka ba, saura biyu. "I'm coming" da muke faɗa in za mu ɗan fita mu dawo, kamar ina zuwa, ita ma tana da matsala?

Sannan ga saƙon da kawu ya ce in tura wa Ba'indiyen. Mun kai masa riɗi buhu 40, ya ba da kafin alƙalami tun kafin mu yi lodi, saura ciko. Kawu yana son kuɗin su shigo kafin Asabar ta wuce, don manoman da muka karɓi kayansu bashi suna jira, wasu a cikinsu biki ne a gabansu. Ga abin da na tsara, ban aika ba tukuna:

"Good morning sir. We have delivered 40 bags. You are owing us the balance. Please send it until Saturday."

A duba mini. Ba na son ya ji kamar mun ci masa fuska, don mutumin bai taɓa riƙe mana kuɗi ba.

Tsohon Malami:

Ba ka takura mini ba, ɗana. Direba ma ya faɗi gaskiya, ban da abin ƙarawa a kan tasa.

"I'm coming" a wurin Bature tana nufin ga ni nan tafe wurinka. Mahaifiyarka ta ƙwala maka kira daga cikin gida, ka amsa kana tahowa, nan ne gurbinta. In kuwa kana zaune da mutum ka miƙe za ka fita, ka ce masa "I'm coming", zai ga bakinka ya ce tahowa, ƙafarka kuma ta yi waje. A nan "I'll be right back" ake cewa, ko "Just a moment".

Saƙonka kuma, jimla biyun farko lafiya lau. Balance ma ka sa ta a gurbinta, ita ce cikon kuɗin da ya rage bayan kafin alƙalami, shi kuma kafin alƙalamin deposit ne ko advance. Kada dai ka haɗa ta da change, wato canjin da mai shago yake mayar maka, don a nan ƙasar mutane suna kiran canji balance.

Gyara biyu ne. Na farko, owe tana cikin kalmomin da ba a cika sa musu ing ba, irin su know da belong, saboda haka "You owe us" ake cewa. To amma ko an gyara ta, ni ba zan aika ba. Daidai take da ka dubi idon mutum ka ce masa muna bin ka bashi. Gaskiya ce, sai dai ba haka kawunka zai faɗa wa abokin ciniki mai cika alkawari ba. Cire ta gaba ɗaya, roƙon da ke biye ya isa ya tuna masa.

Na biyu, until. Ita tana nufin abu ya yi ta gudana har zuwa lokacin, kamar "We will wait until Saturday", za mu yi ta jira har Asabar. Aika kuɗi kuwa sau ɗaya ake yi. Abin da kawunka yake nufi shi ne kada ya wuce Asabar, ko yau ya turo ko gobe duk daidai ne, wannan kuwa by ce. In ka ce "on Saturday", ka ɗaure shi da ranar Asabar ɗin kanta, alhali kun fi son su zo da wuri. Ka kuma kyauta da ka ambaci sunan rana, domin da jibi ka ce, ba ka san yaushe zai buɗe wayar ba.

Ga yadda zan rubuta: "Good morning sir. We have delivered the 40 bags. Could you please send the balance by Saturday? The farmers are waiting for their payment. Thank you."

"Could you please" ɗin nan ta fi "Please send" taushi, don ta zo da siffar tambaya. Ka karanta wa kawunka ma'anarsa da Hausa tukuna, in ya amince da maganar manoman, sai ka aika.